Ushafa: ƙauyen da ke shayar da Abuja, ƙasarsa kuma ba tasa ba

Duk wanda ya murɗa famfo a Maitama ko Wuse ko Garki ruwa ya zubo, to daga bayan gidajen mutanen Ushafa ruwan ya taso. Yawancin mazauna birnin ba su taɓa taka garin ba. Waɗanda suka san sunansa ma, galibi albarkacin wani babban baƙo ne da ya yi ɗan lokaci a can a shekarar 2000. Ni kaina na yi shekaru a Dutsen Alhaji ina wuce mahaɗar garin a kan hanyar Bwari, ban taɓa ratsewa ba, sai ranar da mahaifiyata ta ce ruwan firij yana kama mata haƙori, a nemo mata randa. Neman randar nan ne ya shigar da ni, kuma tun daga ranar nake komawa. Abin da ya riƙe ni ba kyan duwatsun ba ne kaɗai, ko da yake suna da kyau. Na lura ne cewa duk tambayar da ake yi game da Abuja, ta wane ne mai ƙasa da wane ne baƙo, ta wa aka ɗauka a hannunsa da wa aka bai wa, tana nan a dunƙule cikin wannan ɗan gari, a inda mutum zai iya ganinta da ido.

Ushafa tana ƙaramar hukumar Bwari, a arewa maso gabashin Babban Birnin Tarayya. In ka taso daga cikin birni ka bi titin Kubwa, ka ratse ta Dutse ka miƙi hanyar Bwari, za ka ga hanya ta ɓalle ta nufi cikin duwatsu. Garin yana kwance a gindinsu, sun yi masa ƙawanya. Dangin Aso da Zuma ne waɗannan duwatsu, tsohon dutse mai tauri da ya rage a tsaye bayan ruwa da iska sun cinye abin da ke kewaye da shi. Damina a nan doguwa ce in aka gwada da ta Kano ko Katsina, daga wajen Afrilu har Oktoba, don haka a watan Agusta har kan duwatsun kore yake yi, da rani kuma su koma ruwan toka cikin hazo.

Wanda bai fahimci dutsen nan ba, ba zai fahimci garin ba. Dutse in ya daɗe yana shan ruwa da rana yakan ruɓe sannu a hankali, ruwan sama ya wanko laushinsa ya tara a kwari da bakin rafi. Wannan shi ne yumɓu. Wato tukwanen da aka san Ushafa da su, daga jikin dutsen suka fito. Ruwan da ke gangarowa daga kan duwatsun kuwa shi ke haɗuwa ya ciyar da kogin Usuma, wanda ke bi ta wajen Kubwa da Gwagwalada har ya faɗa Gurara, Gurara kuma ta kai shi Neja. Injiniyoyin da suka zo neman inda za a tare wa sabon birni ruwa ba su sha wahalar zaɓe ba: ga kwari da duwatsu suka riga suka yi wa bango, ga shi wurin ya fi birnin tudu, ruwa zai gangara da kansa. Amma dutsen da ya sa wurin ya dace da madatsa, shi ne kuma ya sa rijiya ke wuya. A irin wannan ƙasa ruwan ƙarƙashi ba shimfiɗe yake ba, a tsagar dutse yake maƙalewa. Maƙwabcinka zai haƙa burtsatse ya dace, kai ka haƙa taku ashirin daga tasa ka tashi da ƙura.

Tun kafin yumɓu da madatsa, amfanin dutsen na farko mafaka ne. 'Yan asalin Ushafa Gbagyi ne, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari. A ƙarni na 19 ƙasar Gwari ta sha hare-haren masu neman bayi, daga Zazzau ta arewa, daga Kontagora ta yamma a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim. Shi ya sa tsofaffin garuruwan wannan yanki suke manne da duwatsu: a yi noma a ƙasa, in an ji ƙarar kofato a haye sama. Sai bayan zuwan Turawa, da hari ya lafa, mutane suka riƙa saukowa suna bazuwa kusa da gonakinsu. A siyasance kuwa yankin Bwari ya kasance ƙarƙashin masarautar Abuja ta dā. Da jihadi ya kori Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, kudu ya yo ya sauka wajen Zuba, bayan rasuwarsa kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Wannan garin ne ya sakar wa sabon birni sunansa, shi ya koma Suleja, kuma har gobe sarautarsa Sarkin Zazzau ake kira.

Na kawo wannan ne don mu san cewa zaman Bahaushe da Bagwari ba jiya aka fara ba, kuma ba fuska ɗaya gare shi ba. Akwai ciniki, akwai auratayya, akwai aron harshe. Da wuya ka sami dattijo a Ushafa da ba ya jin Hausa, kuma sarautu irin su Madaki da Galadima sun daɗe da zama 'yan gida a fadojin Gbagyi. Amma akwai raini ma, kuma a bakinmu yake. Mutum ya yi magana ba a gane ba mu ce ya yi gwaranci. Mun raɗa wa tumatir da tattasai da albasa suna kayan gwari, wanda shaida ce cewa mun san su wa ke noma, amma kalmar Bagwari a bakin da yawanmu ba yabo ba ce. Mutanen sun ce Gbagyi suke, kuma ban ga abin da zai ragu a jikinmu ba in mun kira su da sunan da suka zaɓa. Wanda yake haya a gidan mutum, yake sayen doyarsa, yake binne mamatansa a ƙasar da ya ba shi, wannan shi ne mafi ƙarancin ladabin da ake binsa.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da Doka ta 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanki ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na lokacin, aka ce nan ne sabon babban birni. Hujjojin suna da ƙarfi. Legas ta cushe, tana gefe guda, ƙasa kuma ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba, ana son wurin da ba na ɗaya daga manyan ƙabilu uku ba. A kan wannan ne aka gina maganar cewa wurin ba na kowa ba ne. Amma "ba na manyan ƙabilu ba" daban, "ba na kowa ba" daban. Akwai Gbagyi, akwai Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da sauransu, a ɗaruruwan ƙauyuka.

A ganina wani ɓangare na kuskuren daga rashin sanin noman doya ya taso. Doya ba ta son gajiyayyar ƙasa. Manomin doya yakan yi shekara biyu ko uku a wuri, ya bi da dawa ko masara, sannan ya bar gonar ta huta shekaru, ciyawa da itatuwa su rufe ta, ya koma wata. Wanda ya leƙo daga jirgin sama, ko ya tsaya a bakin hanya da taswira a hannu, daji zai gani. Mai gona kuwa saura yake gani, ya san iyakarta, ya san ɗorawar da kakansa ya bari a tsakiya, ya san shekarar da zai dawo mata. Yawancin abin da aka ɗauka fili ne da babu mai shi, saurar wani ce.

Alkawarin farko shi ne za a kwashe kowa da kowa a kai shi wajen yankin, inda ya zaɓa, gwamnati ta biya. Da aka yi ƙidaya aka ga mutanen sun fi yadda aka zata, kuɗin kuma ya fi ƙarfin aljihu. Masana ma suka yi gargaɗin cewa in aka bar ƙasar ba mutane, ƙudan tsando ne zai gaje ta. Saboda haka a 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya magana: wanda aikin ginin birni ya taɓa shi kaɗai za a tayar, sauran su zauna. Wasu sun riga sun tafi, shi ya sa kake jin Sabon Wuse a jihar Neja da Sabon Karu a Nasarawa. An kai wasu Kubwa. A 1992 aka ce a bar ƙauyen Garki a inda yake a saje shi da birni, daga baya aka janye, aka koma maganar sake matsuguni a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa. Kowace gwamnati da tata. Waɗanda aka ce su zauna, irin mutanen Ushafa, sun zauna, amma ba a taɓa komawa an gyara dokar da aka rubuta bisa zaton za su tafi ba.

Nan ne gaɓar. Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar Babban Birnin Tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ce, kotuna kuma sun sha yanke hukunci cewa ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon bayar da fili a cikinta. Manomi a Kagarko ko Tafa, tafiyar ɗan lokaci daga Bwari, doka ta san gonar gadonsa. Ɗan'uwansa na Ushafa, mai yare ɗaya da noma iri ɗaya, doka ba ta san tasa ba. Ranar da aka zana wa wani gonar a takarda, abin da za a biya shi diyyar amfanin da ke kai ne, da itatuwa masu 'ya'ya, da gini in akwai. A ƙirga mangwaro nawa, kashu nawa, kunyar doya nawa. Ita ƙasar kanta ba a biya, tun da a idon doka ba tasa ba ce. Kuma ba shi da gwamna da zai kai wa kuka, ba shi da majalisar jiha. Duk yankin sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu, ministan da ke riƙe da alƙalamin filaye kuma ba zaɓarsa aka yi ba. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista a gwamnatin tarayya, wato Zaphaniah Jisalo, shekara 47 bayan dokar.

Madatsar Usuma an gina ta a shekarun 1980, tana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 100. Ƙauyukan da ruwan zai ci, Payi da Jigo da Kwabara, aka tashe su aka tsugunar da su a nan kusa. Fadamar da ta fi kowace ƙasa albarka a kwarin ta tafi ƙarƙashin ruwa. Da birnin ya ci gaba da kumbura, ruwan Usuma ya kasa, sai aka jawo ƙari daga madatsar Gurara a jihar Kaduna ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Hukumar ruwa tana hana gini da noma a gefen tafkin, kuma tana da gaskiya, don duk ƙazantar da ta gangara ciki a kofin wani za ta ƙare. Amma wanda aka ce ya tsare tsabtar ruwan wasu, ya kamata a ce shi ne farkon wanda za a ja wa famfo. Yau a sabbin unguwannin da suka kewaye madatsar, burtsatse da 'yan garuwa ne ke riƙe da gidaje da yawa. Ka ga yaro yana tura kura da jarka goma sha biyu yana haki a kan tudu, tafkin yana ƙyalli a bayansa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ana yawan zargin 'yan ƙasa da sayar da filaye. Ka ji ana cewa sun sayar da gonakin iyayensu sun sayi babur, sun ƙara aure, yanzu suna kuka. Akwai waɗanda suka yi haka, ba musu. Amma sa kanka a matsayin mai gonar. Ka san cewa kowace safiya za ka iya tarar da 'yan safiyo suna kafa duwatsun iyaka a cikin dawarka, a ba ka kuɗin mangwaro biyar. Ga kuma dillali a ƙofar gidanka da kuɗi a hannu, yana cewa akwai ma'aikacin da haya ta kore shi daga Kubwa yana neman fuloti. Wanne za ka zaɓa? Mutum ba ya adana abin da aka gaya masa ba nasa ba ne. Dokar da aka yi don a hana cinikin ƙasa barkatai, ita ce ta sa kowa yake gaggawar sayarwa kafin a ƙwace.

Mai saye kuma, wanda sau da yawa mu ne, ko Ibo, ko Bayarabe, ko ɗan Binuwai, abin da yake karɓa takardar yarjejeniya ce da sa hannun mai gona da shaidu da hatimin fada, wadda ake ce wa takardar sarki. A cikin gari tana da daraja, ba wanda zai taɓa maka fili. A ofishin filaye na birni kuwa ba ta wuce takardar ƙunsa ƙosai ba. Wanda ya ga rusau na zamanin Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya san ma'anar jan fenti a bango. Abin lura shi ne, rusau ɗin cikin birni ne ya ƙara tunkuɗo mutane zuwa irin su Ushafa da Dutse da Mpape. Ƙidayar 1991 ba ta sami mutum 400,000 a duk yankin ba, ta 2006 ta sami sama da miliyan 1.4, kuma tun daga nan ba a sake ƙirgawa ba. Masu share ofisoshi, direbobi, malaman makaranta, 'yan sanda, ƙananan ma'aikata, birnin yana son aikinsu da rana amma bai tanadar musu wurin kwana ba. Ƙauyuka ne suka ɗauke masa wannan nauyi, ba tare da titi ko magudanar ruwa ko tsarin unguwa ba. Mai sayarwa da mai saye, jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai kowa yana ganin ɗan'uwansa ne matsalar.

Bari in koma kan randar da ta kai ni. Ginin tukwane a wajen Gbagyi sana'ar mata ce, 'ya ta koya a gindin uwa ko gwaggo. Ba a amfani da injin juyi. Za a haƙo yumɓu a jiƙa, a cuɗa da garin fasassun tukwane ko yashi don kada ya tsage a wuta. Maginiya ta ɗora curi a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiya, ta fara jan bango sama, tana ƙara yumɓu mulmule kamar igiya. Tukunyar ba ta motsi, ita ce ke zagaya ta, a sunkuye, hannu ɗaya ciki ɗaya waje. In ka tsaya kallo za ka rasa yadda aka yi bakin ya fito da'ira sak ba tare da awo ba. Sai ado: a murza ɗan guntun igiya ko sassaƙaƙƙen ice a jiki ya bar zane, a ja layi da tsinke, a fitar da ƙadangare ko kifi ko kunama. In sun bushe a jera su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta. Suna fitowa da zafinsu a yayyafa musu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya ba su duhu da sheƙi ya kuma toshe ƙofofin jiki daidai gwargwado. Daidai gwargwado na ce, domin sirrin sanyin ruwan randa shi ne ɗan tsattsafowar da take yi, iska ta busar, zafi ya tafi da shi.

Wannan hannu ne ya kai Ladi Kwali duniya. Ba 'yar Ushafa ba ce, 'yar Kwali ce, amma sana'ar ɗaya ce. Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau wanda dama yana tara tukwanenta a fada. Ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta nuna aikinta a Landan da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. In kana da takardar naira 20 a aljihu fito da ita ka duba. A gaba Murtala ne, wanda ya sa hannu a dokar da ta mayar da ƙasar Gbagyi ta gwamnati. A baya Ladi Kwali ce tana gina tukunya. Ban ɗauki Murtala azzalumi ba. Ya yi alkawarin biyan kowa, kwana goma bayan dokar aka kashe shi, bai ga komai ba. Amma takardar nan ta nuna yadda ƙasa ta karɓi fasahar mutanen da hannu biyu, ta manta cewa fasahar daga rami take farawa, ramin kuma a kan ƙasa yake.

A Ushafa an gina cibiyar tukwane a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida. Aka kawo injin juyi da tanderun gashi da ruwan sheƙi, ana yin na zamani a gefe guda, mata suna nasu na gargajiya a ɗaya gefen. Ita ce ta sa garin ya zama wurin kai baƙi. A ƙarshen Agustan 2000, da shugaban Amurka Bill Clinton ya kawo ziyara zamanin Obasanjo, nan aka kawo shi tare da 'yarsa Chelsea. Aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa. Dubi wannan: garin Gbagyi, baƙo Ba'amurke, sarauta ta Hausa. Har yau wasu ƙauyen Kilinton suke ce wa garin. Mutane sun sa rai sosai, kuma ba laifinsu ba ne. Sai dai baƙo ruwa ne, mai wucewa. Ziyara takan kawo gyaran hanya da fenti, ba ta taɓa doka.

Abin da ke cin sana'ar a yau ba ɓoyayye ba ne. Roba ta kori tulu, alminiyam ya kori tukunyar miya, firij da ruwan leda sun rage wa randa kasuwa. Abin da ya fi tafiya yanzu kaskon fulawa ne da kayan adon falo da otel, sai asusu da kaskon turare. Yarinyar da ta gama sakandare tana ganin yadda bayan uwarta ya ranƙwafa, tana ganin abin da ake samu, ba za ka zarge ta ba in ta zaɓi shagon ɗinki ko sayar da kati. Amma duk waɗannan ana iya jure musu, kasuwa takan juya. Akwai masu dawowa ga tukunyar ƙasa don ɗanɗano, akwai gidajen abinci masu nemanta. Wanda ba a iya jure masa shi ne rasa ramin yumɓu da filin gashi da dajin itace. Waɗannan wurare ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne, don haka ba su cikin takardar kowa. Abin da kuwa ba ya cikin takarda a Abuja, ranar da aka zana fuloti a kansa an gama. Maginiyar da ke sayen yumɓu a mota, ta sayi itace a ɗaure, ribarta ta tafi tun kafin ta cinna wuta.

Duk da haka garin yana nan da ransa, kuma ba daidai ba ne a zana shi kamar gidan makoki. Da asuba za ka ga mata sun nufi gona, da yamma su dawo da itace ko doya a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, suna ganin kai ya fi ƙarfin a mai da shi abin dako. A tsohon gari har yanzu akwai rumbuna a tsakar gida. A gida ɗaya za ka sami wa Musulmi, ƙane Kirista, a ci tuwon salla tare a ci shinkafar Kirsimeti tare, abin da mu da muka taso a inda addini ke raba unguwa ya kamata mu tsaya mu koya. Hausawa suna riƙe da nama da shayi da kayan masarufi da acaɓa, Fulani suna kawo nono daga rugagen bayan dutse, ɗaliban makarantar horar da lauyoyi da ma'aikatan hukumar JAMB da ke Bwari suna ƙara wa yankin kasuwa. Birni ya kawo wuta da makaranta da asibiti kusa, ya kawo kuɗin haya ga mai ɗakuna. 'Ya'yan garin da yawa sun yi karatun da iyayensu ba su yi mafarki ba. Ban taɓa jin wanda ya ce a mayar da Abuja Legas ba.

Amma zaman yana da tsagar da ba a so a taɓa. In baƙi suka fi 'yan gari yawa, ƙuri'ar kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma, wadda ita kaɗai ce muryar da ta rage wa 'yan ƙasa, sai ta fara zamewa daga hannunsu. Sarauta ma haka. Abin da ya faru a garin Bwari ranar Kirsimetin 2017, da rikici ya ɓarke tsakanin matasan Gbagyi da Hausawa a kan tsohuwar takaddamar sarauta, aka rasa rayuka, kasuwa ta ƙone, ya isa ishara. Waɗanda suka yi asara a kasuwar nan talakawa ne na kowane ɓangare, babu mai alƙalamin raba fili ko ɗaya a cikinsu. Sannan ga tsaro. Duwatsu da dazukan da suka ɓoye kakanni daga mahara, su ne yanzu hanyar masu garkuwa da mutane da ke ratsowa daga iyakar Kaduna da Neja. A farkon 2024 yankin Bwari ya ga abin da bai taɓa gani ba, ana bin mutane har gida. Manomin da ke tsoron gonarsa ta nesa, wani dalili ya ƙaru masa na sayar da ita. A nan kam ba a tambayi yaren kowa ba: 'yan banga na unguwa, Bagbagyi da Bahaushe da Ibo, tare suke kwana a waje da tocila.

Masu kare tsarin da ake kai suna cewa in aka sakar wa kowane ƙauye ikon ƙasarsa, babban birni ba zai ginu bisa tsari ba, kuma Abuja ta dukan 'yan Najeriya ce. Rabin maganar gaskiya ne. Ba wanda ya ce a bar dagaci ya raba filin da za a yi titin jirgin ƙasa. Amma tsarin da ake tsoron lalacewarsa ai ya riga ya lalace a gefen birni, kuma rashin amincewa da haƙƙin mutane ne ya lalata shi. Ainihin birnin da aka zana a taswirar 1979 bai wuce murabba'in kilomita 250 ba cikin kusan 8,000. Akwai sarari isasshe da za a shata wa kowane tsohon gari iyakarsa, da wurin da 'ya'yansa za su yi gini, da gonakin da ba za a taɓa ba sai da dalili mai ƙarfi da musanya ta ƙasa da ƙasa, ba kuɗin mangwaro ba. Gidajen da aka riga aka gina da takardar sarki kuma a auna su, a fitar da hanya da magudana, a ba masu su takardar gwamnati su riƙa biyan haraji. Mai gida ya kwana da ido biyu rufe, gwamnati ta sami kuɗin shiga.

Gyaran kundin tsarin mulki abu ne mai nisa, sai majalisa da jihohi sun yarda. Amma akwai abin da ba ya jiran kowa, yana cikin ikon minista a yau. A tura 'yan safiyo Ushafa, su bi dattawa da matan da ke gini, a nuna musu inda ake haƙar yumɓu, da filin da ake gashi, da maƙabartu na Musulmi da na Kirista da na kakanni a gindin dutse. A auna, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da su taswirar ofishin filaye da sunan garin, yadda duk wanda ya zo zana fuloti zai tarar an riga an rubuta. Aikin bai fi na mako guda ba, kuma matan sun san wuraren taku da taku.